Hattara da masu tallar maganin wanke injin mota na jabu

Akwai masu yawo da kwalabe, wasu da ƙwayoyi, suna cewa idan ka zuba a tanki motarka za ta rage shan mai da kashi talatin, ta daina fizga, injin ya koma sabo. Wanda duk ya yi maka wannan alkawari, kuɗinka yake so.

Dabarunsu sanannu ne. Za a kawo tsohon fulogi mai baƙin dauɗa a tsoma a kofi, ka ga dattin na narkewa. Tina ma za ta yi haka, kuma a kofi maganin tsantsa ne, alhali a tanki zai gauraya da lita arba'in ko fiye na fetur. Wata dabarar ta fi wannan muni: idan wutar cek (fitilar gargaɗin matsalar inji a gaban direba) na kunne, sai a zuba maganin, a faki idonka a cire kan batir ko a goge lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye da na'ura. Wutar ta mutu, ka biya. Bayan kwana biyu ko uku na tuƙi sai ta dawo, domin ba a taɓa asalin ciwon ba.

Abin da ke cikin kwalaben galibi kalanzir ne, ko tina, ko man dizel da aka sa wa launi. Kalanzir da dizel suna rage oktan na fetur, wato ƙarfinsa na jure matsi ba tare da ya kama wuta da wuri ba, sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa idan ka taka totur a hawa, kuma idan abin ya daɗe fistin ne ke ji a jika. Tina mai ƙarfi tana busar da robobin bakin injekta da tiyon mai har su fara yoyo. Masu sinadarin ƙarfe kuwa suna barin jan tsatsa a kan fulogi, su dakushe sensar salansa, su toshe katalis (matatar hayaƙi da ke cikin salansa), wanda canza shi ya ninka kuɗin kwalbar sau da yawa. Ƙwayoyin ma tsohon zance ne. A 2006 hukumomin jihar Texas ta Amurka sun gurfanar da kamfanin BioPerformance, bayan gwaji ya nuna ƙwayar rage shan man da yake sayarwa ta hanyar "kawo mutum a ba ka kamasho" naftalin ce, wato irin kafur ɗin da ake sa wa cikin kaya.

Maganin gaskiya yana nan, sai dai aikinsa kaɗan ne kuma a hankali. Duba bayan kwalba ko takardar bayanin kamfanin ka nemi sinadarin wanki mai suna PEA (polyetheramine), shi ne ke jure zafi ya narkar da dattin injekta da na ɗakin ƙonewa. Kwalba mai mililita 300 zuwa 350 yawanci ta lita 45 zuwa 60 ce, amma bi abin da aka rubuta. A zuba lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, a cika da fetur don ya gauraya, a ƙone man tankin gaba ɗaya da tuƙi, zai fi kyau a doguwar tafiya. Sau ɗaya a kilomita 5,000 ya isa, kuma a yi shi gab da juyen baƙin mai, don kaɗan daga cikinsa na gangarawa cikin baƙin mai. Zuba kwalba biyu ba ya ninka wankin.

Idan injinka GDI ne, wato mai fesa fetur kai tsaye cikin ɗakin ƙonewa, fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska, saboda haka babu abin da za ka zuba a tanki ya wanke wurin, sai an buɗe an kankare. Haka kuma maganin ba ya tayar da mataccen kwayil, ba ya gyara famfon mai da ya gaji. Kafin ka saya, sa bakanike ya karanta lambar matsalar. Kwalbar da ba ta da hatimi a murfi, lambar rukuni, adireshin kamfani da ma'aunin lita, a bar wa mai ita.