Masu shirin sayen kyamarar farko ku yi hattara da 'yan "cikakken saiti"

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya san yana da ƙani ko ƙanwa ko aboki da ke tara kuɗi zai sayi kyamararsa ta farko ya tura masa wannan ya karanta kafin ya tura wa kowa ko sisi, domin akwai wasu 'yan damfara da suka mayar da masu koyon hoto saniyar tatsa a Facebook da Instagram da TikTok har da sitatus na WhatsApp, kuma abin haushin ba wani sabon salo suke yi ba, abu ɗaya ne suke ta maimaitawa sunan shafin kawai ake canzawa.

Tallan nasu in ka gan shi sau ɗaya ka gama ganinsa. Hoto ne fes, an jera kaya a kan tebur, Canon 600D ko Nikon D3200, ga lens 18-55, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, ga wani lens ɗin 50mm, ga filasha, ga ƙafar kafa kyamara, jaka, batir biyu da caja da memori, a ƙasa an rubuta wai cikakken saiti na mai koyo, 'yar Ingila ce, kamar sabuwa ko ƙwarzane babu. Kuɗin da za su sa kuwa ko jikin kyamarar kaɗai ba za ka samu a haka ba a kasuwa balle lens biyu da filasha. Kuma kullum akwai uzuri, zai tafi karatu waje jibi, ko mahaifiyarsa na asibiti, ko ogansa ne ya kawo kaya yana so a kaɗar da su da wuri. Sannan bai taɓa zama a garinku ba. Kana Kano yana Legas, ka ce to kana da ɗan uwa a Legas zai zo ya duba sai ya tuna ai kayan suna sito a Fatakwal.

Wata yarinya a layinmu haka aka yi mata, kuma ba sakarya ba ce wallahi, tana ɗaukar hoto da waya mai kyau sosai, duk bikin da aka yi a dangi ita ake nema, shi ne ta yi ta tari tana so ta koma kyamara. Mutumin da Hausa ya yi mata magana tiryan-tiryan, Hajiya kaza Hajiya kaza, ki ji tsoron Allah nima ina jin tsoronsa, har da cewa zai je sallah ya dawo su ƙarasa ciniki. Ya ce ta ba da kafin alƙalami saboda mutum uku na jira. Ta tura. Ya turo bidiyon kwali an naɗe da salatif an rubuta sunanta da lambarta da alƙalamin maka a jiki, ya turo lambar direba, ya ce ta cika sauran tunda kaya sun bar hannunsa. Ta cika. Washegari direban ya kira wai an tsare su a hanya an ce sai an biya kuɗin kayan lantarki in ba haka ba za a sauke kwalin, nan ma ta tura, yamma na yi lambobin biyu duk a kashe, shafin ya yi bulokin ɗinta. Direban nan nasu ne, kwalin kuma Allah kaɗai Ya san me ke ciki, ƙila ma kwali ɗaya ne suke canza wa takarda. Da na duba risit ɗin da ta nuna min, sunan shafin daban, sunan da ya gaya mata daban, sunan da ke kan akawun ɗin daban, ta ce ai ta tambaya ya ce na ƙaninsa ne nasa yana da matsala. Duk wanda ya ce maka haka ka tsaya nan, ciniki ya ƙare.

Wannan kenan masu cinye kuɗi gaba ɗaya. Amma waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu turo kayan, saboda su sai ka yi wata kana gode musu kafin ka gane an cuce ka.

Akwai wata roba da ake ƙerawa da siffar babbar kyamara, baƙa, da ƙaton lens a gaba da maƙalar wuya, a kwalin an rubuta 48MP, wato megafiksel 48, da 4K da manyan baƙi, wasu ma sai a manna mata sitikar Canon ko Nikon ko Sony. Sensar da ke cikinta, wato abin da ke kama hoton, ɗan mitsitsi ne irin na wayar araha, ƙaton lens ɗin nan ado ne, ka leƙa da kyau za ka ga ɗan ƙaramin ido can ciki shi ne ke ɗaukar hoton, zum ɗin ma ba gilashi ne ke motsi ba hoton kawai ake ja yana fashewa. Wayar da ke aljihunka ta fi ta, ba wasa nake ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, kyamarar gaske irin wadda kake nema lens ɗinta na cira, akwai maɓalli a gefen bakinta ka danna ka murza ya fito, ka ga madubi a ciki in DSLR ce, wato irin su 600D da D3200. In mai kaya ya ce wannan ƙirar ba a cire mata lens to ba ita ba ce. Batun megafiksel kuma kar ya ruɗe ka, 600D guda 18 gare ta, D3200 na da 24, kuma da su mutane suka yi shekaru suna ɗaukar biki suna wanke manyan hotuna, to ta yaya abin da bai kai rabin kuɗinsu ba sabo dal zai zo da 48?

Sai wasa da lamba, wannan har a wasu shaguna ana yi. A Canon yawan lamba ba shi ne girma ba, wani lokacin ma akasin haka ne, 4000D tana ƙasa da 600D a aji duk da cewa ita ta fito 2018 ita kuwa 600D tun 2011. Mai kaya zai ce maka oga ka ga dubu huɗu ai ta fi ɗari shida, alhali 4000D bakin da ake ɗaura lens roba ne, allonta ƙarami ne ba ya juyawa, ba ta da wurin sa makirfo, ita kuwa tsohuwar allonta na juyawa kuma tana karɓar makirfo, wanda in kana son bidiyo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba wai 4000D ba ta ɗaukar hoto ba ne, tana yi, amma ka saye ta a kuɗinta. Haka kayan Amurka da ake rubuta wa Rebel, T3i ita ce 600D, T5i ita ce 700D, T6 ita ce 1300D, T7 ita ce 2000D amma T7i ita ce 800D, ɗan harafin nan guda ɗaya tazarar kuɗi ce babba, sai a rubuta T7i a talla a turo maka T7 in ka yi magana a ce kuskuren rubutu ne. Ka sa ya ɗauko maka hoton gaban kyamarar inda sunan yake da kuma ƙasanta inda lambar siriyal take.

Ni fa ban ce kar a sayi ta hannu ba, a fahimce ni. Mai koyo ta hannu ma ta fi masa, Canon 1200D, 1300D, 600D, 700D, ko Nikon D3100, D3300, D5100, duk wadda ka samu lafiyayya da 18-55 ɗinta ta ishe ka ka koyi haske da saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in ka ɗauki hoto, da ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, har ka gane me kake so, in ka ƙara 50mm f/1.8 daga baya sai ka rantse kyamara ka canza. Matsalar ita ce wadda aka gama tatse ta a situdiyo ko wajen biki, aka goge ta da mai aka saka mata sabuwar roba aka ce maka wata baturiya ce ta ajiye a durowa. Shotar irin waɗannan ƙananan kyamarorin an ƙiyasta mata wajen ɗauka 100,000, wata ta wuce wata ba ta kai ba, kuma kyamara na ƙirga duk ɗaukar da ta yi. A Nikon lissafin na cikin bayanan hoton kansa, ka ɗauki hoto ɗaya ka loda shi yadda yake a ɗaya daga shafukan da ke duba adadin shota zai fito maka, amma kar a turo ta WhatsApp a matsayin hoto don yana goge bayanan, a turo shi a matsayin fayil. Ƙananan Canon ba sa sa shi a hoto, sai an haɗa da kwamfuta ta waya an duba da manhaja, shi ya sa masu kaya suka fi sakin baki su faɗi duk lambar da suka ga dama. Sikirinshot ɗin da zai turo maka ba hujja ba ce, na wata kyamarar ne zai iya zama.

In kaya na hannunka kar ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci, kuɗinka ne. Ka je da memorinka. Ka ɗauki hoto da yawa a jere ka ji ƙarar ko tana sarƙewa, in Canon ta rubuta Err 30 shota ce, Err 20 wani abu ne a injin ciki, Err 01 kyamara da lens ne ba sa jin juna, wani lokacin datti ne a ƙarafan haɗin wani lokacin lens ɗin ne ya tafi, ko wanne ne dai kar ka yarda da ai da ka kashe ka kunna shikenan. Ka sa ta a f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken lens sosai, ka ɗauki farin bango ko sama ka buɗe hoton sosai, ɗigo-ɗigo ƙura ce ana gogewa, da ƙurar hunturunmu ma dole ka saba da wannan, amma dogon layi ko tabon da bai yi kama da ƙura ba ka ajiye musu abinsu. Ka cire lens ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba, in ka ga wani abu fari mai rassa ya bazu a cikin gilashin fumfuna ce, tana kama lens ɗin da ya zauna a wuri mai laima, kuma tana ci gaba. Ka gwada fokas kusa da nesa, ka ɗaga filashar kanta, ka danna kowane maɓalli.

'Yan Nikon ga naku na musamman. D3100 da D3200 da D3300 da D5100 da 'yan uwansu ba su da injin fokas a jikinsu, sai lens mai nasa injin wato mai AF-S. To sai a haɗa maka saiti da 50mm f/1.8D tsohon ƙira saboda ya fi araha, zai hau, zai ɗauki hoto, amma fokas da hannu za ka yi ta murzawa har abada, ka koma a ce maka kai ne ba ka iya ba. Mai G a ƙarshe shi ne naka. Lens masu AF-P kuma ba sa aiki da D3100 da D3200 da D5100.

Tarkacen da ake cika saitin da su ma yawanci shara ce. Batir na 600D da 700D sunansa LP-E8, na 1100D zuwa 1300D da 2000D da 4000D LP-E10, na Nikon ɗin nan EN-EL14, jabunsu sun cika gari, ya nuna maka a cike ka ɗauki kaɗan ya mutu. Memori kuwa shi ya fi cin rai, an rubuta SanDisk 128GB a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa kaɗan ne, yana cika sai hotuna su fara lalacewa ba tare da ya gaya maka ba, ranar da ka ɗauki sunan ɗan yayarka ka dawo gida rabi ba ya buɗewa ranar za ka sani. Akwai 'yar manhaja kyauta H2testw, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa, ka yi wannan kafin ka ɗauki abin da ba a maimaitawa.

Waɗanda suka riga suka fara kuma suna son hawa gaba ku ma ba ku tsira ba. Za ka ga an rubuta ana musaya, kawo ƙaramarka ka cika kuɗi ka karɓi 80D ko 6D ko Sony. Zai yaba kyamararka ya yi mata kuɗi fiye da yadda kake zato, daɗi ya kama ka, sai ya ce ka sa ta a mota shi ma ya sa tasa a mota ku yi musayar lambar direba. Taka ta tafi da gaske, cikon ma ya tafi. Musaya ido da ido ake yi, a shago, kowa ya gwada ta ɗan uwansa.

Kano akwai masu kaya, Kaduna akwai, Abuja ga su nan a Banex, Legas ga Computer Village a Ikeja, ban ce duk wanda ke da shago waliyyi ba ne amma aƙalla gobe in ka dawo ƙofar na nan. Ka nemi wani mai hoto a unguwarku ka ce yaya dan Allah raka ni, ka biya masa kuɗin mota, yawancinsu ba sa ƙi. In dole sai daga nesa, to wani naka ya je ya riƙe ta a hannu ya kira ka a bidiyo ya gwada kana gani sannan kuɗi su fita, a rubuta risit da lambar siriyal ta jikin kyamara da ta lens, don ko kayan sata ne aka sayar maka kana da abin nunawa.

Wanda kuma ya riga ya tura, kar ka tsaya zagi a inbok, ka yi sikirinshot na tallan da hirar da risit da lambobin waya tun kafin su goge, ka kira bankinka a ranar ka shigar da ƙorafin damfara, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC rahoto, ka kuma yi rifot ɗin shafin. Kuma da zarar ka yi fostin cewa an cuce ka za ka ga wasu sun shigo maka wai su ƙwararru ne suna dawo da kuɗin da aka damfara ko suna da wani a banki, ka ba da kaɗan na aiki kawai. Kar ka ba su ko naira ɗaya, kar kuma ka ba su BVN ko lambar da banki ya turo maka a waya.