Sayen yadi daga nesa: Kwari, manhaja, ko mai shago a WhatsApp?

Duk wadda ta haɗa lefe ko kayan sallar gida a 'yan shekarun nan ta san lissafi ya canza. A da, in kina Gusau ko Katsina ko Azare, sammako za ki yi ki hau motar Kano, ki wuni a Kantin Kwari, ki dawo da dare da ƙullin kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai kan cinye rangwamen da kika je nema, ga ɗan dako, ga Adaidaita Sahu, ga fargabar hanya ga masu bin wasu titunan. Kafin nan kullen korona na 2020 ya sa mata da yawa sun fara ciniki ta waya, sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa aikin: ɗan kasuwar da a da ba ya karɓar komai sai tsaba, yanzu lambar asusunsa na Moniepoint ko OPay ce manne a bakin shago. Ga kuma matan aure da fita ba ta yi musu sauƙi. Shi ya sa ciniki ya koma cikin waya, kuma ba na ganin zai dawo yadda yake.

To amma "na saya a intanet" magana ce mai faɗi. Hanyoyin sun bambanta ƙwarai, kuma a harkar yadi bambancin ya fi tsanani, domin shadda da atamfa da leshi kaya ne na taɓawa.

Zuwa kasuwa da ƙafarki har yanzu babu kamarsa wajen tabbaci. Gani ya kori ji. Ki murza yadin, ki fita da shi bakin layi ki duba kalarsa a rana, ki taya, a yi albarka, ki yi gaba, a kira ki. In lefe ne cikakke na akwati da yawa, kuɗin ya kai a yi masa tafiya, ki je. In turmi biyu ne da shadda yadi goma, asara ce.

Manhajojin sayayya na Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara a Legas a 2012, suna da amfaninsu: ga tsarin mayar da kaya, ga damar biya bayan an kawo a wasu garuruwa. Na'urar markaɗe ko fanka ko waya, babu laifi. Yadi kuwa ba fagensu ba ne, zaɓin kaɗan ne kuma ba irin namu ba. Jiji allon talla ne kawai, su da kansu suna gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Temu da AliExpress ki bar su ga kwalliyar ɗaki da ƙananan tarkace. Jira ne mai tsawo, kuma mayar da yadi China ba aikin da za ki so ba ne.

Abin da na fi amincewa da shi, kuma shi nake nuna wa 'yan uwana, shi ne ɗan kasuwa mai shago na gaske a cikin kasuwa, wanda yake sayarwa ta WhatsApp. Ba mai ɗauko hoto a wayar wani ya ɗora riba ba. Mutumin da yake da gida da layi da lambar shago a Kwari, wanda maƙwabtansa suka san shi, wanda in ya ci amana akwai shugabannin kasuwa da za a kai ƙara gare su. Wannan ya haɗa miki sauƙin waya da kunyar kasuwa.

Ga yadda cinikin yake tafiya in an dace. Za ki kira shi ta bidiyo da rana, ba da magariba ba. Ki ce, "Alhaji, a fito min da ita waje, wutar shago tana canza kala." Zai sa yaronsa ya warware shaddar a bakin ƙofa, ki ga ko ruwan toka ce da gaske ko shuɗi ne ya ɗan dusashe. Ki ce a juya miki baya, a kawo bakin yadin kusa da kyamara ki karanta tambari, a murza ki ji ƙararta. A gabanki a auna, a yanka, a rubuta sunanki a jikin leda. Sannan ki tura kuɗi. Da yamma ya kai tasha, ya turo miki hoton ƙullin da lambar direba da lambar mota, washegari ko a daren ki aika a karɓo. Har tayi ana yi, kuma in kin zama kwastoma shi zai fara turo miki sabon zane kafin ya watsa a sitatus. Ni wanda nake hulɗa da shi, da leshi ya zo da zare a zazzage a gefe ɗaya, cewa ya yi, "Hajiya, a saka min shi a mota, kuɗin motar a kaina." Irin wannan ba manhajar da za ta yi miki shi cikin kwana ɗaya.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne a addininmu. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da kayan da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, kuma in ya zo ya saɓa wa siffar da aka faɗa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Saboda haka ki sa a siffanta miki a rubuce: sunan kamfani, yadi nawa, asali ce ko kwaikwayo. Mai tsoron Allah ba zai ƙi ba.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki karanta da kyau. An taɓa cuta ta a hannun wata mai shafin Instagram, mai mabiya dubbai da hotuna kamar na mujalla. Na biya kuɗin Getzner, aka kawo min shadda mai tambarin Getzner ɗin, mai sheƙi har da ƙamshi. Wanki ɗaya sheƙin ya tafi, ta yi laushi kamar tsohon zanen gado. Da na yi magana aka toshe ni. Tun daga nan ma'aunina na farko ba farashi ba ne, ba saurin kawowa ba ne: in kaya ya zo ba daidai ba, wa zan kama, kuma a ina?

Tambari ba hujja ba ne, ana buga na jabu. Getzner ta asali daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco da muke kira Holan kuma daga ƙasar Holan, kuma kuɗinsu yana bin canjin kuɗin waje ne. Duk wanda ya ce miki zai ba ki a rabin farashin kasuwa saboda "ana rage kaya", kwaikwayo zai ba ki. Kwaikwayon ma ba haramun ba ne, akwai masu kyau da ake sawa a fita kunya. Cutar ita ce a sayar miki da shi a kuɗin asali. Atamfa ta gaske kalarta ta ratsa ciki da baya kusan daidai, shi ya sa nake nacewa a juya miki ita. In bayan ya yi fari-fari, bugun fuska ɗaya ne. Ki tambayi tsawo ma, turmi yadi 6 ne, amma akwai masu zuwa da ƙaranci, sai a gaban tela ki sani.

Shafin kansa ki bincike shi. Instagram yana nuna lokacin da aka buɗe shafi da ko an taɓa canza masa suna. Shafin da ya sha canza suna, ki guje shi. Wanda ya rufe wurin sharhi, akwai abin da yake ɓoyewa. Hotunan "kwastoma ta yaba" kowa zai iya ƙirƙira da waya biyu. Ki saka hoton kayan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa za ki tarar na wani shago ne a wata ƙasa. Akwai kuma masu kwafe sunan shago sananne da hotunansa, su ƙara ɗigo ko harafi ɗaya, su sa lambar asusunsu. Wannan ya fi kowanne haɗari, domin ke kina ganin da amintacce kike magana. Kafin ki danna tura kuɗi, manhajar banki za ta nuna sunan mai asusun. In bai yi daidai da sunan shago ko na mai shi ba, aka ce miki "na ƙanina ne", ki dakata ki kira lambar da kika sani tun farko. Haka in an turo saƙo cewa an canza asusu.

Mai ƙin kiran bidiyo, kullum "netwok babu kyau", ki rabu da shi. Mai matsa miki da "saura ɗaya, wata na jira", shi ma haka. Bayan kin biya kuma a kira ki a ce kaya sun maƙale a hanya sai kin ƙara kuɗi, kada ki ƙara ko sisi. Lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo kuwa, babu mai sayar da yadin da yake buƙatarta.

In abin ya riga ya faru, ki sanar da bankinki nan take, kada ki kwana, ki ajiye rasit da hirarku duka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke, 'yan sanda ma haka, sai dai kuɗin da aka riga aka kwashe da wuya ya dawo.

Samun amintaccen mai shagon ba ta talla ake yi ba. Ki tambayi telanki, su suka fi kowa sanin wanda yadinsa ke zuwa cikakke. Ki tambayi wadda ta yi biki kwanan nan. In kina da ɗan uwa a Kano, ya leƙa shagon sau ɗaya ya ga yana nan. Cinikin farko ki fara da turmi ɗaya mai sauƙin kuɗi, ki wanke shi, ki kai ɗinki, kafin ki tura kuɗin akwati.