Kumfar kashe gobara marar fulorin: ta cancanci saye, amma da sharaɗi

Tafkin da ke kusa da filin atisayen 'yan kwana-kwana zai iya zama garau a ido, alhali lakar ƙasansa cike take da PFOS, wani sinadari mai fulorin. Tushensa tsohuwar kumfar kashe gobara ce mai suna AFFF, wadda sojojin ruwan Amurka da kamfanin 3M suka ƙirƙiro a shekarun 1960. Haɗin kabon da fulorin da ke cikin sinadarin ba ya ruɓewa. Sinadarin yana manne wa laka, ya riƙa komawa ruwa sannu a hankali, ya taru a jini da hantar kifi. An sa PFOS cikin Yarjejeniyar Stockholm, wadda ke taƙaita sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, a 2009, ɗan'uwansa PFOA kuma a 2019, amma abin da ya riga ya kwanta yana nan.

Shi ya sa kumfar F3, wato marar fulorin, ta cancanci yabo. Ba ta da waɗannan sinadarai, kuma tana kashe wutar mai da gaske. A Janairun 2023 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar mata da ƙa'idar inganci ta kanta.

Sai dai aikinta daban ne. AFFF tana shimfiɗa siririyar fata a kan mai, ita kuwa F3 bargon kumfa kaɗai take dogara da shi. Don haka tana son bakin tiyo mai shigar da iska, a zuba ta a hankali, kada a harba ta tsakiyar mai ta nutse. Yawancinta ta fi kauri, musamman lokacin sanyi. Idan an rubuta 3%, wato kashi 3 na kumfa cikin kashi 97 na ruwa, dole a sake gwada na'urar gaurayawa, in ba haka ba kumfa ta fito tsararo, ta karye da wuri, wuta ta dawo.

Babban abin takaici shi ne tsohon tanki. PFAS, wato dangin sinadaran da PFOS da PFOA suke ciki, tana maƙale a bangonsa da bututu da robobi. Ko an ɗauraye sau uku, bayan makonni takan sake fitowa cikin sabuwar kumfa. A canza tiyo da robobi, a tara ruwan ɗaurayar a kai wurin zubar da shara mai guba, sannan a aika samfur ɗakin gwaji.

Kuma kada a bar F3 ta kwarara tafki. Tana ruɓewa, amma ruɓewar tana cinye iskar oksijin ta ruwa har kifi ya mutu. Filin atisaye yana buƙatar daɓen siminti da ramin tara ruwa.