Kwalayen sun fito a ƙarshe, amma katakon wuƙata fa?

Tauraro uku cikin biyar na ba maɗaba'ar da ta yi mini kwalaye, kuma na ukun ma albarkacin dattijon da ke kan injin yanka suka ci, ba don halin mutanen ofis ba. Ba zan kama sunan maɗaba'ar ba. Masu sana'ar man shafawa da sabulu irina da ke kai musu aiki sun riga sun gane inda na dosa, sun kuma san abin da ake caja, ba sai na ɓata bakina ba.

Abin da na kai musu ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwali ne na kwalbar man shafawa, mai murfin sokawa sama da ƙasa, da 'yar taga a gaba mai siffar ganye don mai saye ya hango kwalbar ba tare da ya buɗe ba. Sai sitika mai zagaye da muke liƙawa a kan murfin kwalbar. Kowane irin kwali sai an yi masa dai-kot, wato yanka da katakon wuƙa da aka ƙera daidai da siffarsa, balle mai taga, domin wuƙar yankan takarda ta yau da kullum miƙaƙƙen layi kawai ta sani, ba ta lanƙwasa, ba ta huda tsakiya, ba ta sa kari.

Samfurin da suka fara ba ni ya yi kyau ƙwarai. An yanke shi ne da injin nan mai faffaɗan tebur da kwamfuta ke sarrafawa, wanda 'yar ƙaramar wuƙa ke bin zane tana fitar da kwali ɗaya-ɗaya, kuma a kan farar takarda da ba a buga komai a kai ba. Na ninke shi, kwalbar ta shiga ta zauna daram, murfin ya soku ba ya ɓallewa. Nan take na sa hannu. Na biya kuɗin bugu, na kuma biya kuɗin katakon wuƙa daban, da rasit ɗinsa daban. Babu wanda ya ce mini farar takarda ba ta tona asirin kari, ko kuma injin da ya yi samfur ba shi ne zai yi aikin gaske ba.

Kayan suka iso a shimfiɗe, ɗauri-ɗauri, ba a liƙe ba, domin mu muke liƙewa da kanmu. A shimfiɗen nan ba ka ganin aibu ko ɗaya. Shuɗin ya fito da duhunsa yadda nake so, farin rubutun ya fito tar, har na ɗauki hoto na tura wa abokan ciniki ina cika baki. Sai da na zauna na ninke na farko na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin babban yatsana. Na juya kusurwar na duba: farin layi tun daga sama har ƙasa. Fatar takardar ta tsage, tawadar ta ɓantale, har 'yan ɓurɓushin shuɗi sun maƙale mini a yatsa. Na ɗauko wani daga tsakiyar ɗaurin, haka. Na kwance wani ɗaurin daban, haka. Duk kusurwa huɗun kwalin sun yi fari-fari kamar faso a diddige. Ku duba fa, mai sayar da man gyaran fata, kwalinta ne ya fara yin faso! Wa zai ɗauki wannan a kan kanta ya yarda da abin da ke ciki?

Na kwashi ɗauri ɗaya na koma. Manajan ko kallon kirki bai yi wa kwalin ba ya ce, "Hajiya, ai hannun yaranki ne, da ƙarfi suke ninkewa." Na zaro sabo na miƙa masa na ce, "To Malam, ninke mini da naka hannun mai laushi." Ya ninke a hankali, yana lallaɓawa, kwalin ya ce ƙas a gabansa. Sai maganar ta sauya, wai ai haka takarda mai kauri take, wai launi mai duhu dama ya gaji haka, wai ni na zaɓi shuɗin. Ƙwarai ni na zaɓa. Amma wa ke zaune da takarda da inji kullum, ni ko su? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. In har kun san launi mai duhu yana fallasa tsagewa, ranar da nake biya ya kamata a faɗa, ba ranar da na dawo da kaya a hannu ba.

Muryata ce ina jin ta kai bayan wurin, domin sai ga wani dattijo ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya karɓi kwalin, bai ce komai ba, ya juya bayansa ya bi layin karin da farcensa. Sai ya ce, "'Yata, zo ki ga abinki." A ranar na fara ganin abin da na biya wa kuɗi.

Falankin filawud ne mai kaurin milimita 18, an ƙona masa siraran tsagu da leza bisa zanen kwalina, an lanƙwasa ƙarafa an dasa a cikin tsagun. Wasu ƙarafan masu kaifi ne, su ke yanka, tsayinsu milimita 23.8. Wasu kuma bakinsu a dakushe yake, sun ɗan fi gajarta, su ke danna takarda su bar layin ninki. Gefe da gefen masu kaifin an manna guntayen roba mai laushi, wadda ke turo takardar waje bayan an matse, don kada ta maƙale a wuƙa. Ga ganyena nan a tsakiya, an lanƙwasa ƙarfen da kyau har da ɗan tsinin bakin. Gaskiya wanda ya haɗa katakon ya iya aikinsa. Injin kuwa ba irin manyan Bobst na Suwizalan ba ne masu zuƙar takarda da kansu. Mai buɗe baki ne yana rufewa, mutum na tsaye yana saka takarda ɗaya yana zare ɗaya, abin da ni kallonsa kawai ya sa na ɓoye hannuwana a baya.

Baba ya nuna mini farantin ƙarfen da ke fuskantar katakon. A kansa ake manna wasu siraran kwararo, daidai saitin kowane ƙarfen kari, ta yadda in ƙarfen ya danna takarda za ta samu ramin da za ta nutse a ciki. Ya ce faɗin ramin ba da ka ake yinsa ba: kaurin takarda sau ɗaya da rabi, a ƙara kaurin ƙarfen, wanda yake milimita 0.71. Takardata mai nauyin giram 350 a kowace murabba'in mita ce, kaurinta ya doshi rabin milimita, don haka tana bukatar rami mai faɗin kusan milimita 1.5. Wanda aka yi mini aiki da shi kuwa na takarda mai sirantaka ne, na wani aikin daban, shi ya rage a sito, aka ce a lallaɓa da shi don ana sauri. Ramin ya matse, takarda ba ta samu wurin nutsewa ba, sai fuskarta ta miƙe fiye da ƙarfinta. Ya ƙara da cewa takarda tana da jijiya, zarenta duk fuska ɗaya yake kwance, kuma karin da ya ratsa jijiyar ya fi neman sarari. Ga shi ba a yi lamineshan ba, wato siririyar ledar da ake liƙawa a fuskar takarda, ɗan man sheƙi kawai aka shafa, ga takardar ta bushe ƙamas. Ya ce shi ya faɗa tun a takardun gwaji, aka ce masa ya ci gaba.

A gaban manajan ya faɗi wannan, bai ko rage murya ba. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Abin dariyar ma, ita kanta sana'ar ta kwalin ninki daga kuskuren ƙarfen kari ta samo asali. Robert Gair, ɗan asalin Sukotilan da ke buga jakunkunan takarda a New York ta Amurka a shekarun 1870, ƙarfen da ke sa wa jakunkunan kari ne ya goce ya yanke su, daga nan ya gane ana iya yanka da kari a matsa guda. Shi kuskuren injinsa arziki ya zame masa. Nasu kuskuren kuwa ni aka so a ɗora wa, har da yarana da ba su ji ba ba su gani ba.

Bayan an kai ruwa rana suka yarda za su sake bugawa, ni kuma in biya kuɗin lamineshan tunda ba ya cikin lissafin farko. Na yarda. Kuma in faɗi gaskiya, na biyun ya ba ni mamaki. Lamineshan marar sheƙi ya sa shuɗin ya ƙara nutsuwa, in ka shafa sai ka ji santsi. Na ninke ɗaya gaba, na mayar da shi baya, na sake ninkewa da gangan da mugunta, ko alamar fari babu. Kusurwoyin sun tsaya cak, murfin yana shiga da ɗan sautinsa, ganyen ya zauna daidai kan sunan da ke jikin kwalbar. Sitikar ma ba ni da ta cewa: wuƙar ta yanke ta sama ta bar takardar baya lafiya, kana ɗaga gefe da farce take tasowa. A lokacin na huce sarai. Har na fara rubuta wannan sharhin da niyyar in ba su biyar, in ce mutane ne masu karɓar gyara.

Sai na ce bari in karɓi katakona in ajiye, tunda akwai wani wuri kusa da ni da zan riƙa kai ƙananan oda. Nan fa aka ce ba a san zancen ba. "Hajiya, ai katako ba ya fita. Kuɗin aikin haɗawa kika biya, ba kuɗin katakon ba." Na fito da rasit, ga shi an rubuta kuɗin wuƙa ɓaro-ɓaro. Wai ai haka ake rubutawa. To na ce a ba ni fayil ɗin zanen yankan, wanda aka auna da kwalbata, aka gyara a gabana. Shi ma wai na kamfani ne. Katakon da ba zai yi wa kowa amfani ba a duniya sai ni, domin ba wanda ke da kwalbata da ganyena, shi ake riƙewa. Dalilin a fili yake: muddin yana hannunsu, duk odar da zan sake dole in dawo, kuma duk abin da suka yanka mini dole in biya, ko in je wani wuri in sake biyan sabon katako daga farko.

Tun daga nan duk abin da na yafe ya dawo mini sabo. Na tuna ko a bugu na biyun, bakin tagar yana da 'yan ƙusoshin takarda, wuraren da ake ɗan datse wuƙar da gangan don guntun ya riƙe jikin takardar kada ya faɗa cikin inji. Kowa ya san ana barin su, amma nasu manya ne, kuma a kan lanƙwasar ganyen suka sa su, inda ido ke fara sauka, maimakon a ɓoye su a gindi. Sai da muka bi su da reza ɗaya bayan ɗaya. Na tuna siririn farin layin da ya kewaye tagar, a wasu kwalayen ya yi kauri ta hagu ya kusa ɓacewa ta dama, domin yankan ya ɗan goce. Gocewar milimita ɗaya ba abin faɗa ba ce a wannan aiki, shi ya sa ake barin launi ya zarce layin yanka da milimita 3, amma mai zanensu da ya ga layin nan kusa da bakin wuƙa ai sai ya ce a cire ko a matsar da shi. Bai ce ba. Na tuna kwalayen farko da suka lalace, da na ce a ba ni in riƙa sa kayan kyauta a ciki, aka ce an riga an sayar wa masu sayen takarda. Na tuna kiran wayar da ba a ɗauka sai na kira da wata lambar.

Masu tambayata a saƙo ko su kai musu aiki: in Baba na nan, yankan zai yi kyau, amma ku wuce ofis ku roƙa a nuna muku takardar gwaji da aka buga da launinku, a kan takardarku, aka yanka da katakon gaske, ku ninke ta da hannunku kafin a saki inji. Ni dai odar kwalin sabulu na riga na kai wani wuri, kuma ban biya komai ba sai da aka rubuta a rasit cewa katako da fayil nawa ne, ina iya ɗauka ranar da na ga dama. Na kwalbar man kuwa manajan ya ce zai yi magana da mai wurin. Har yanzu maganar ake yi.