Verilog, SystemVerilog da VHDL: wa ke fara motsi a lokaci 0?

Ɗan uwa ka ce a Verilog, yaren bayyana zanen da'irar dijital, ka rubuta `reg clk = 1;` don ba agogo `clk` ƙimar farko 1, ga kuma `always @(posedge clk)` da ke ƙirga maka duk lokacin da agogon ya tashi, a wata simuleta (manhajar da ke gwada zanen a kwamfuta) ƙirgen ya hau da ɗaya tun a lokaci 0, a wata kuma ko motsi bai yi ba, kana tambaya wacce ce ta lalace kuma shin VHDL, wani yaren irin wannan aiki, ma haka take. To babu wacce ta lalace, dokar yaren ce ta bar ƙofa a buɗe.

A Verilog na IEEE 1364-2001, wanda shi ya kawo damar ba `reg` ƙima a wajen ayyana shi, wancan `= 1` ɗin daidai yake da ka rubuta shi cikin `initial`, sashen kod da ke gudu sau ɗaya tun daga lokaci 0. Shi `reg` da x yake farawa, wato ƙimar da ba a sani ba, kuma tashi daga x zuwa 1 a wajen Verilog `posedge` ne cikakke. Yanzu abin ya koma tsere kenan, in `always` ɗinka ya riga zuwa ya tsaya yana jira to zai ga tashin ya ƙirga, in kuma ƙimar ta riga shi sauka to ya makara bai ga komai ba, kuma dokar ba ta faɗi wa zai riga wani ba, kowane mai simuleta ya zaɓi abin da ya yi masa. Kar ka ce bari in mayar da shi 0 in huta, x zuwa 0 ma `negedge` ne, matsalar ta koma kan mai jiran saukar agogo.

SystemVerilog, IEEE 1800 tun 2005, ya toshe wannan ramin. Ƙimar da ka sa a wajen ayyanawa tana zama daram kafin kowane `initial` ko `always` ya tashi, don haka ba wanda zai ga canji. Shi ya sa wani lokacin sauya sunan fayil daga .v zuwa .sv kaɗai ke canza sakamako, don simuletoci da yawa da ƙarshen sunan suke gane dokar da za su bi. Amma fa gyaran bai kai ga `initial clk = 1;` ba, wannan har gobe tsere yake da `always`. Wani abu da mutane ke mantawa, `always_comb` yana gudu sau ɗaya a lokaci 0 ko da ba abin da ya canza, `always @*` kuwa zaune yake sai an taɓa shi.

VHDL a nan ta fi su tarbiyya gaskiya. Sigina na samun ƙimarta tun lokacin harhaɗa zanen, in ba ka ba ta ba sai ta ɗauki ta farko a jerin nau'inta, `std_logic` ta fara da 'U', wato ba a ba ta ƙima ba tukuna. Daga nan kowane `process` ya gudu har ya iske `wait`, kuma abin da ya rubuta wa sigina ba ya bayyana sai zagayen delta na gaba, wato matakin simuleta na gaba wanda lokaci bai matsa ba, saboda haka ko wanne ya fara sakamako ɗaya ne, sai dai in ka jawo `shared variable`. Tarkonta ɗaya, `clk'event and clk = '1'` zai kama tashi daga 'U' zuwa '1', `rising_edge(clk)` ba zai kama ba.

Ni dai a naka kod ɗin, .sv zan koma, in sa ƙimar agogo a wajen ayyanawa, in riƙe riset, siginar da ke mayar da da'ira farko, na 'yan zagaye kafin ƙirge ya fara. In FPGA za ka ɗora wa, wato cif ɗin da ake iya sake saita shi, irin na Xilinx suna loda ƙimar farko yayin da ake saita su. In ASIC ne kuwa, wato cif ɗin da aka ƙera don aiki ɗaya, `= 1` ɗin nan a simuleta kaɗai yake aiki, filif-filof mai riƙe 0 ko 1 zai farka da abin da ya ga dama, sai riset ɗin da ka gina da hannunka.