Wasa da hannu ko tatsuniya: wanne ya fi buɗe bakin yaro?

Ƙanwata ta Garwa, tambayarki ita ce: ɗanki yana wata 16, bai wuce "mama" da "baba" ba. Uwar mijinki ta ce a riƙa yi masa tatsuniya bakinsa zai buɗe, malamar asibiti kuma ta ce ki bar shi ya yi wasa da ruwa da kayan da zai taɓa. Kina son sanin wanne za ki bi. Dukansu da gaskiyarsu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a watannin ɗanki wasan ne ke gaba.

Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu yana kama kalma ne idan abin da ake kira yana gabansa, yana hannunsa, ko ma yana bakinsa. Ki zuba ruwan randa kaɗan a kwano ya tsoma hannu, ki ce "sanyi". Ki ba shi soso ya shafa, ki ce "kaushi". Auduga, "laushi". Kuɓewar da kika yanka, "santsi". Ya jefa ludayi a ruwa, ki ce "tsulum!" Kalmar da abin sun shiga kansa lokaci guda, shi ya sa take zama. Ita kuwa kurar tatsuniya bai taɓa ganinta ba, to da me zai haɗa sunanta? Wasan nan bai kuma bukatar ki kashe sefa ko ɗaya a kasuwa. Ƙwarya, muciya, murfin tukunya, ganyen mangwaro, ƙullun gero, gora da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinta da kyau, sun isa.

Sai dai inda mata da yawa ke kuskure shi ne su ajiye yaro da kwanon ruwa su koma wanke-wanke. Zai ji daɗi, zai jiƙe sharkaf, amma babu kalmar da zai ƙaru da ita, domin ruwa ba ya magana. Ki zauna kusa, ki kira sunan abin da idonsa ke kai, ba wanda ke kike so ya kalla ba, sannan ki yi shiru ki jira. In ya ce "wa", ki ce "e, ruwa, ruwa ya zube". Wannan karɓa-karɓar ita ce ainihin karatun. Zamanki kusa kuma dole ne ta wata fuskar: yaro na iya nitsewa a ruwan bokiti, gyaɗa da duwatsun wuya da ƙananan tsakuwa suna shaƙewa, kuma yashin tsakar gida a Garwa da rana a watan Maris ko Afrilu yana ƙona tafin ƙafa.

Tatsuniya kuwa tana ba da abin da wasa ba zai bayar ba. Wasa yana koyar da sunayen abubuwa da siffarsu. Tatsuniya tana koyar da jere: wannan ya faru, sai wannan, saboda wannan. A cikinta yaro ke jin "da", "sai", "bayan nan", da magana a kan abin da ba ya nan. Amfaninta yana fitowa sosai daga shekara biyu da rabi zuwa uku, lokacin da zai iya bin Gizo da Ƙoƙi har ƙarshe. Yanzu kam doguwar tatsuniya barci kawai za ta sa shi, wanda ba laifi ba ne. Amma kada ki hana Hajiya, uwar mijinki. Akwai ɓangaren da ɗan wata 16 ke amfana da shi: waƙar da ake maimaitawa a tsakiya, kwaikwayon kukan akuya da zakara, da "ga ta nan ga ta nanku" da yara ke amsawa "ta zo mu ji ta". Yana kallon yayyensa suna amsawa, wata rana zai sa baki. Ki roƙe ta dai ta gajarta masa, ta kuma sa shi a ciki: "Yau mun je bakin Binuwai, mun ga jirgin ruwa, mun ga kifi." Labarin abin da ya gani da idonsa ya fi masa labarin daji.

Na san akwai ta uku da ba ki ambata ba, wato waya. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta gwada jarirai 'yan wata 9. Waɗanda suka yi zama 12 da mutum yana yi musu Sinanci ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen a bidiyo ba su koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ba a so a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo.

Wataƙila za a ce miki harsuna ne suka yi masa yawa, ke Hausa, maƙwabta Fillanci, yayye Faransanci daga makaranta. Jin harsuna da yawa ba ya jinkirta magana. In za ki ƙirga kalmominsa, ki haɗa duka: "ruwa" ɗaya, "kosam" (madara da Fillanci) biyu.

Yawancin yara suna faɗin kalmar farko wajen shekara ɗaya, su haɗa biyu wajen shekara biyu, kamar "ba ni". Ɗanki yana cikin hanya muddin yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa, yana gane "kawo takalmi". In waɗannan babu, ko ya taɓa yin sanƙarau, ko kunnensa yana fitar da mugunya, kada ki jira ya cika shekara biyu. Ki kai shi asibiti ki ce a duba jinsa.