Echinacea a Amurka: na lambu da na kwalba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso game da maganin murar nan na Amurka, Echinacea, da kike so in aiko miki. Zan aiko in Allah ya yarda, amma bari ki fara jin yadda abin yake a nan Ohio, domin ni shuka shi nake yi a bayan gida, kuma na ga yadda ake cinikinsa tun daga iri har zuwa ƙwaya.

Tsiron ɗan ƙasar nan ne, da kansa yake fitowa a filayen tsakiya da gabashin Amurka, kuma danginsu ɗaya da shuwaka. Tsayinsa yakan kai ƙugu, furensa ruwan hoda mai sirkin shunayya, tsakiyarsa a tashe da ƙaya-ƙaya. Sau ɗaya ake shuka shi. Idan hunturu ya shigo sai samansa ya bushe ƙurmus, amma saiwar na nan da rai a ƙarƙashin ƙanƙara, wajen Afrilu ko Mayu ta sake tohowa.

Ta fuskar noma, gaskiya mutanen nan sun burge ni. Takardar irin da za ki saya da 'yan daloli kaɗan tana ɗauke da komai a rubuce: zurfin rami, tazara tsakanin shuka da shuka, da watan da ya dace. Ma'aikatar gona ta raba ƙasar shiyya-shiyya gwargwadon tsananin sanyi, ta sabunta taswirar a 2023. Mu a tsakiyar Ohio shiyya ta 6 muke, shi kuwa Echinacea yana jurewa daga ta 3 har ta 8, don haka tun kafin ki biya kin san ko zai rayu a wurinki. Iri ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yana son haƙuri, domin galibi sai a shekara ta 2 yake fure. Na cikin tukunya tsadarsa ta ninka sau da yawa, amma a shekarar za ki ga furensa. Manyan kantuna sun fi kawo masu aure, ruwan lemo da rawaya, masu ɗaukar ido, waɗanda sau da yawa ba sa daɗewa. Na asali a ƙananan gidajen rainon tsirrai na fi samunsa, kuma a can ne mai wurin zai tsaya ya yi miki bayani ba tare da gajiya ba.

Abin da nake yi mana fatan samu irinsa shi ne malaman gonarsu. Tun daga dokar 1914 jami'o'in jihohi ke da ofisoshin wayar da kan manoma, kuma Jami'ar Jihar Ohio tana da ofis a dukkan gundumomi 88 na jihar. Ko tsiro guda kike da shi, za ki kai ganye ko ki tura hoto a duba miki. Akwai cutar da wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, wadda ke mayar da furen kore ya murguɗe; za su gaya miki kai tsaye ba ta da magani, a tumɓuke a jefar kafin ta kama sauran. Ban da ita da zomaye masu cinye sabon toho, ba shi da wata wahala. Rana yake so da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, in ya kafu fari ba ya damunsa.

To, inda nake so ki buɗe kunne shi ne wajen kwalba. Mu a gida mukan ɗauka duk abin da ya fito daga Amurka da hatimi da takarda an tantance shi. Ba haka ba ne ga irin waɗannan. Dokar 1994 ta sa su a sahun ƙarin abinci, ba magani ba, saboda haka hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ba ta gwada amfaninsu kafin su shiga kasuwa, kuma a jikin kwalbar da ƙananan baƙaƙe za ki ga an rubuta cewa ba don warkar da wata cuta aka yi ba. Ga shi nau'i 3 na tsiron ake amfani da su, wani kamfani saiwa yake sawa, wani ganye da fure, suna ɗaya amma abin ciki daban. Shi ya sa nake neman mai tambarin USP (wata ƙungiya mai zaman kanta da ke gwada irin waɗannan kaya), wanda aƙalla ke nuna abin da aka rubuta shi ne a ciki.

Ba ina cewa aikin banza ba ne. 'Yan asalin ƙasar nan, irin su Lakota, sun daɗe suna tauna saiwarsa don ciwon haƙori da na maƙogwaro. Amma wani gwaji da aka wallafa a 2005 bai ga ya hana mura ko ya rage ta ba, kuma bitar da Cochrane, ƙungiyar masana masu tace binciken lafiya, ta yi a 2014 ta ce in ma akwai amfani wajen rigakafi, ɗan kaɗan ne. A Turai sun fi tsanantawa: hukumar magungunansu ta ce kada a wuce kwana 10 ana sha, kuma ba ta ba da shawarar a ba yaro ƙasa da shekara 12 ba. Don Allah kada ki ba ƙananan. Mai juna biyu, da wanda furanni irin waɗannan ke tayar wa ƙaiƙayi ko asma, da mai shan maganin rage garkuwar jiki, su fara ganin likita.

Nawa na lambu, furen da ganyen nake shanyawa a inuwa in yi shayi. Saiwar kuwa sai ta shekara 3 ake tonowa, wajen Oktoba, a wanke, a yanyanka ƙanana tun tana ɗanya domin in ta bushe wuƙa ba ta cinta. Mai kyau za ki ji tana tsatstsafa miki harshe. Rabin gindin kawai nake ɗiba, in mayar da sauran cikin rami.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ƙanwarki